Suyar nama da kayan lambu tsakanin Magariba da Isha'i: bayanan gwajin mako bakwai

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Abin da ake nema shi ne abincin dare na mutum shida, manya uku da yara uku, wanda za a ɗora bayan sallar Magariba a sauke kafin a kira Isha'i, a ranar aiki da kowa ya dawo a gajiye. Girkin shi ne suyar naman sa da kayan lambu a wuta mai ƙarfi, irin wadda mutanen China suka shahara da ita, a ci da farar shinkafa. Na ɗauki wannan lokaci ne don hunturu ya kankama, kayan noman rani na Kura da Kadawa da Garun Malam suna shigowa kasuwar Yankaba ta Kano, karas da kabeji da albasa sun yi araha.

Cefanen yau: tsokar cinya rabin kilo ₦3,200, karas ₦300, kabeji ƙarami ɗaya ₦400, koren tattasai uku ₦500, albasa ₦300, koren wake ₦400, ɗanyar citta da tafarnuwa ₦300. Kwalbar soya sos (baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya) ₦1,800 da gwangwanin kon fulawa (garin sitacin masara) ₦900 daga kasuwar Singa, waɗannan za su daɗe.

Bai yi ba. An yanka naman gutsi-gutsi kamar na miya, aka juye shi gaba ɗaya a kaskon tuya mai faɗin santimita 26. Cikin minti ɗaya ya tsattsafo ruwa har ya kusa rufe kansa, ya koma launin toka, ya shiga dahuwa. Aka jira ruwan ya ƙone, wanda ya ci minti 14, kafin nan naman ya yi tauri kamar ƙirgi. Kayan lambun da aka zuba a kansa su ma suka saki nasu ruwan. An sauke a minti 52, an ci don yunwa.

Laifi uku na rubuta: yankan ya yi kauri, kaskon ya cika, wutar ba ta kai ba.

Laraba, 8 ga Janairu

Yau yanka kawai aka gyara. Tsoka tana da zare-zare da suka miƙe ta fuska ɗaya, idan aka ɗaga ta a haske ana ganinsu. A gicciye ake yankawa, wuƙa ta tsinka zaren, don haƙori ya tarar da guntaye. Idan aka bi tsawonsu, komai sirantakar yankan sai an sha tauna. Kauri kamar milimita 3, tsawo kamar ɗan yatsa. An cire farin tantanin da ke bayan tsokar da duk wata jijiya, domin minti biyu a wuta ba ya narkar da su, sai dai ya ƙanƙance su naman ya nannaɗe.

Ɗanyen nama mai ɗumi ba ya yankuwa siriri, zamewa yake a ƙarƙashin wuƙa. Minti 40 a firiza ya sa shi ya ɗan ƙame, wuƙar ta riƙa shiga sumul. An wasa wuƙar tukuna.

Taurin ya ragu sosai. Ruwan yana nan.

Litinin, 13 ga Janairu

Wannan ita ce ranar da aka gane maganar ruwa, don haka zan tsaya a kanta.

Ruwa ba ya wuce digiri 100 a zafi, iyakarsa ya tafasa ya zama tururi. Nama kuwa ba ya fara yin ja da ƙamshin suya sai fuskarsa ta kai wajen digiri 140 ko fiye. Ke nan muddin akwai ruwa kwance a kasko, dahuwa ake yi ko da an ƙure wuta. Ruwan nan ta hanya uku yake shigowa. Akwai na wanki, domin mu a nan sai mun wanke nama, kuma daidai ne ga naman da ya kwanta a teburin mahauci, amma sai a wanke shi yana dunƙule kafin a yanka, a tsane a kwando, a goge da tsumma mai tsabta har hannu ya daina jin danshi. Wanke shi bayan an yanka siriri shi ne babban kuskure. Akwai na cikin naman kansa, wanda yake fitowa idan kaskon ya huce. Sai na kayan lambu, musamman kabeji da aka barbaɗa wa gishiri da wuri.

Kan gas na gida ba shi da ƙarfin murhun masu sayar da abinci. Rabin kilo na nama mai sanyi yana kashe zafin kasko nan take, wutar kuma ba ta iya mayar da shi kafin ruwa ya taru. Maganin shi ne a raba naman kashi uku, kowane kashi a shimfiɗa shi ba tare da wani yanki ya hau wani ba, a bar shi daƙiƙa 45 ba a taɓa ba, a juya, a ƙara daƙiƙa 30, a kwashe. Hannu yana son juyawa da wuri, a daure. Tsakanin kashi da kashi a ba kaskon rabin minti ya dawo da zafinsa.

Yadda ake gane kasko ya yi zafi: a yarfa ɗigon ruwa kafin a sa mai. Idan ya yi cuu ya bushe a inda ya faɗa, da saura. Idan ya dunƙule yana yawo a kan ƙarfen kamar ƙwallo, ya kai.

Kashi uku sun ci minti 6 gaba ɗaya, a maimakon minti 14 na ranar farko. Naman ya yi ja a gefuna, cikinsa da laushi. An sauke komai a minti 41.

Laraba, 15 ga Janairu

An maimaita na Litinin, minti 38. Gishiri ya yi yawa. Soya sos gishiri ce da kanta, cokali uku manya sun ishi rabin kilo. An cire gishiri gaba ɗaya, dunƙulen Maggi ya koma ɗaya.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kaskon da abinci ba ya kamawa, mai baƙin shafe a ciki, an ajiye shi. Shafen yana lalacewa idan zafi ya haura wajen digiri 260, kuma ɗora shi wayam a wuta mai ƙarfi yana kai shi can da sauri. An sayo baƙin kaskon ƙarfe irin na masu ƙosai da awara a Kurmi, faɗin santimita 36, ₦6,500. Siffarsa kusan ɗaya da kaskon da 'yan China ke wannan suya da shi: gindi mai zurfi inda zafi ke taruwa, gefe mai faɗi inda ake ture abin da ya soyu. A duba da kyau kada a ɗauki mai fenti ko wanda aka yi da kwanon rufi.

Gyaransa kafin a fara: a wanke da soson ƙarfe da sabulu, a ɗora a wuta har launinsa ya juya, a shafe cikinsa da man gyaɗa kaɗan da tsumma, a bari ya yi hayaƙi, a goge, a maimaita sau uku. Daga nan ba a jiƙa shi a bari, wanki da ruwan zafi ne, a busar a wuta, a shafa mai.

Matsala ɗaya: gindinsa ba ya zama a kan gas na tebur, rawa yake. A kan ƙaramar tukunyar gas mai murhu a kanta ya zauna daram, don zoben ya riƙe shi. Can aka koma.

Talata, 21 ga Janairu

An gwada kanwa don tausasa naman, kuma an yi asarar girki ɗaya.

Tunanin ba laifi: masu wannan suya suna amfani da bekin soda, kanwa kuma danginta ce, da ita muke tausasa wake da ganye. An jiƙa jar kanwa kamar girman ƙwayar dabino a rabin kofin ruwa, aka zuba cokali uku na ruwan a kan naman, aka bar shi minti 30, ba a ɗauraye ba. Naman ya yi laushi, amma laushi mai santsi, ya yi duhu, kuma bayan an haɗiye sai a ji ɗanɗanon sabulu a maƙogwaro. Abin bai tsaya nan ba: ragowar kanwar da ta zauna a kasko ta mayar da albasa rawaya ta narkar da ita, kabejin ma ya yi luguf cikin minti ɗaya. Yara ba su ci ba, an dafa musu taliya.

Aibin kanwa a wannan aiki shi ne ba ta aunuwa. Wani dunƙulen ya fi wani ƙarfi, ungurnu daban, ja daban, ga ƙasa a ciki. A tukunyar wake mai ruwa da yawa bambancin yana ɓacewa. A kan rabin kilo na siririn nama ba ya ɓoyuwa. Asarar yau ta kai ₦5,000 idan aka haɗa da kayan lambu.

Alhamis, 23 ga Janairu

Bekin soda, leda ɗaya ₦400. Rabin ƙaramin cokali, a shafe ba a tula ba, ga rabin kilo. An narkar da shi a cokali biyu na ruwa, aka murza a jikin naman har ya shanye, sannan soya sos cokali ɗaya, kon fulawa cokali ɗaya, man gyaɗa cokali ɗaya a ƙarshe don yankan su rabu da juna a kasko. Minti 20 ya isa. Naman ya yi taushi ba tare da wani baƙon ɗanɗano ba, kuma kon fulawar ta yi masa siririyar riga da ta riƙe ruwansa.

A lura, bekin soda daban, bekin foda na kek daban. Masu shago kan miƙo ɗaya a madadin ɗaya.

Litinin, 27 ga Janairu

Babu wuta tun jiya da dare, firiza ta saki. An yanka naman haka nan, yankan ya fita ba daidai ba, wasu sun soyu wasu da saura. Dabarar da ta taimaka daga baya: ƙanƙarar ₦200 a kula, a sa naman a leda a kwantar a kai na rabin awa. Bai kai firiza ba amma ya yanku.

Laraba, 29 ga Janairu

Maganar wane ɓangare na sa za a saya. Zuwa yau an gwada huɗu. Cinya ta fi samuwa kuma tana yi idan an yanka a gicciye an sa soda. Tsokar gadon baya ta fi ta taushi nesa, doguwar tsokar da ke kwance a cikin baya, wadda mahauta ke kira fileti, ita ce gaba da kowa, ko soda ba ta buƙata, sai dai tana ƙarewa da wuri don masu otal da masu tsire suna rigan kowa. Mahaucin da nake saye a wajensa ya ce sai dai a faɗa masa tun jiya ya ajiye. Kafaɗa tana da jijiya a tsakiya, gyaranta na cin lokaci. Ƙauri kuwa na farfesu ne, kada ma a fara.

Wani abu da ya fi zaɓen ɓangare tasiri: naman da ake sayarwa a Abbatuwa da kasuwannin unguwa yankan safiyar ranar ne. Bayan yanka da wasu awanni tsoka tana sandarewa, kuma ba ta sakin jiki sai ta kwana ɗaya ko biyu a sanyi. Wato naman da aka saya da safe aka soya da Magariba ana kama shi ne a lokacin da ya fi tauri. An gwada: rabin kilo aka saya ranar Litinin, aka rufe a ƙasan firij, aka soya yau. Bambancin a bayyane yake. Ga shanunmu kuma na kiwo ne, sun yi tafiya, tsokarsu ba kitse a cikinta, don haka wannan hutun ya fi yi musu amfani. Sharaɗin shi ne firij ɗin ya riƙe sanyi. Idan wuta ba ta tsayawa, a saya a soya a ranar, a dogara da soda.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ɗanyar gwanda da aka markaɗa, cokali biyu, awa biyu a jikin naman. Ya dagargaje, bayansa ya zama kamar kwaɓi. Gwanda na narkar da nama da gaske, kuma siririn yanka ba ya jure ta. An bar wannan hanya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Yau kayan lambu aka sa a gaba, domin tun farko ana samun karas ɗanye tattasai kuma ya mutu. Dalili shi ne ana zuba su tare alhali ba lokaci ɗaya suke nuna ba.

Karas biyu manya an yanka su a karkace, siriri. Koren wake cikin hannu biyu, an cire kai da gindi an raba biyu. Waɗannan biyun an tsoma su a tafasasshen ruwa na minti 2, aka tsame aka watsa musu ruwan sanyi, aka baza a kwando suka bushe. Iskar hunturu tana wannan aikin cikin minti biyar. Ruwan da aka tafasa su da shi ba a zubar ba, rabin kofinsa ya shiga haɗin miyar da ake zubawa a kasko a ƙarshe.

Bayan an kwashe nama, mai cokali ɗaya, sai albasa biyu yankan tsaye na minti ɗaya. Karas da wake minti ɗaya. Koren tattasai biyu da ja ɗaya, minti ɗaya. Kabeji kwata, yankan faɗi, shi ne na ƙarshe, minti ɗaya kacal. Sannan a ture su gefe, a ɗiga mai a tsakiya, a sa tafarnuwa ƙwaya biyar da citta kamar girman babban yatsa da attarugu ɗaya, duk a daddake, daƙiƙa 20. A baya ana fara sa tafarnuwa kamar yadda ake yi a miya, tana ƙonewa kafin albasa ta yi laushi, ɗacinta ya bi girkin duka.

Kabeji rabi ya yi wa kaskon yawa, an gwada, ruwa ya dawo. Tumatir ma ba shi da wuri a nan saboda dalili ɗaya. Lawashin albasa a barbaɗa bayan an kashe wuta.

Sun fito garas-garas, wake kore shar. Minti 33.

Talata, 11 ga Fabrairu

Miyar ta yi gudaji. An zuba kon fulawa a ruwa mai ɗumi, ta dunƙule tun a kofi. Da ruwan sanyi ake dama ta, kuma tana kwantawa a ƙasa cikin minti kaɗan, sai an sake juyawa daf da zubawa.

Haɗin da aka tsaya a kai: soya sos cokali biyu manya (na ukun ya riga ya shiga nama), ruwa rabin kofi, kon fulawa cokali ɗaya, sikari ƙaramin cokali ɗaya, ruwan lemon tsami ƙaramin cokali biyu, masoro rabin ƙaramin cokali, Maggi ɗaya. A girkin asali ana sa giyar shinkafa, mu lemon tsami ya tsaya a gurbinta. A mayar da nama tare da ruwan da ya tara a faranti, a zuba haɗin ta gefen kasko, a juya. Da ya tafasa zai yi kauri ya yi sheƙi, rabin minti ne, a kashe. Ƙara minti biyu a nan yana mayar da naman tauri.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Man ƙuli na gida ya yi kumfa ya kuma fara hayaƙi kafin kaskon ya kai zafin da ake so, kicin ya cika da ƙauri. Ƙamshinsa ya fi, amma man da ba a tace ba ba ya jure irin wannan wuta. An koma tataccen man gyaɗa na jarka don suya, ana ɗiga ƙaramin cokali na man ƙuli ko man riɗi bayan an sauke. Duk girkin cokali huɗu na mai yake ci.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Minti 27, daga kunna wuta zuwa zubawa a faranti. Abin da ya kawo haka: an yanka naman tun da safe an rufe a firij, soda da sauran haɗin kuma sai da aka idar da Magariba aka sa, don kada ya wuce minti 20 zuwa 30. Shinkafa kofi uku ita aka fara ɗorawa a ɗayan kan gas, ita ce mai cin minti 25. Cikin wannan lokaci aka yanka kayan lambu, aka tsoma karas da wake, aka dama miya, aka jera komai a kwanuka kusa da wuta bisa tsarin shigarsu. Suyar kanta minti 12 ce, kuma da an fara babu damar komawa kan katako a yanka wani abu. Katakon nama daban da na kayan lambu, an wanke wuƙa da sabulu a tsakani.

Kuɗin girki ɗaya ba tare da shinkafa da gas ba: nama ₦3,200, kayan lambu ₦2,000, mai da kayan haɗi kamar ₦600. Wajen ₦5,800 ga mutum shida. Rabin kilon da a miya zai zama yanka bakwai ko takwas, a nan kowane cokali da nama a ciki.

An gwada barbaɗa yajin ƙuli a rabon manya bayan an sauke. Ya dace ƙwarai. A cikin kasko kuwa ƙulin yana kamawa ya ƙone.

Litinin, 24 ga Fabrairu

An maimaita sau biyu tun Laraba, minti 28 da 26, ɗaya da taliya. Taliyar an tsame ta da ɗan saura, aka juye a kasko tare da miyar, sai da aka ƙara ruwa kwata kofi don tana sha.

Gas ya kusa ƙarewa, don haka aka gwada kurfoti. Gawayin da ya ruru sosai ya fi gas ɗin zafi, naman ya soyu kashi biyu a maimakon uku, sai dai hura shi ya ci minti 20 kuma ba a iya rage wutar idan an zo kan tafarnuwa, dole a ɗaga kaskon da tsumma.

Azumi saura 'yan kwanaki. Abin da za a gwada a makon farko: ninka girkin zuwa kilo ɗaya don buɗa baki, wanda ke nufin kashi shida na nama da kashi biyu na kayan lambu, a ga ko naman farko zai jure jira a rufe ba tare da ya saki ruwa ba. Za a kuma gwada tsokar ƙirjin kaza da rabin sodar, da ɗan garin daddawa a madadin cokali ɗaya na soya sos. Ana buƙatar zoben ƙarfe daga wajen mai walda don kaskon ya zauna a kan gas na tebur, an kai masa awon gindin, ya ce ₦2,500, a karɓa ranar Alhamis.